Baƙin Ƙyalle a Injin Motar Ango

Ku gyara zama. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. Rabinsa da idona na gani a kan titi, rabinsa kuma a ɗakina aka yi kukansa.

A unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda aka haife ni, a nan aka ɗaura mini aure, a nan na haifi ɗana na fari, wanda bakina bai saba kiran sunansa ba. Kakansa da ƙafa ya taso daga Damagaram ya zo aikin hajji, bai koma ba. Amma takarda ba ruwanta da inda aka binne cibiyar mutum. Dukanmu da iƙama muke zaune, wato katin zama, ita kuwa iƙama tana hannun kafili, mutumin da kake aiki a ƙarƙashin sunansa. In ya sabunta maka, kana nan. In bai sabunta ba, sai ka nemi ƙasar da ke rubuce a fasfonka, ko da ba ka taɓa shan ruwanta ba. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya.

Marigayi maigidana bakanike ne, ɗana kuma ya gaje shi. Tsakar gidana ta sha warin fetur fiye da warin miya. Da yaron ya kawo ƙarfi sai Allah ya haɗa shi da wani dattijo Balarabe mai warsha, wato garejin gyaran mota, a Khumra, can bayan manyan ɗakunan ajiya. Warshar ba ta kowa da kowa ba ce. Tsofaffin motocin gudu ne a jere a ciki, an lulluɓe su, ba a sayarwa, ba a haya. Dattijon ya zama kafilin ɗana, ɗana kuma ya zama mai jinyar motocin nan shekara da shekaru.

A cikinsu akwai wata ja, 'yar ƙarama, kujera biyu, wadda dattijon ya saya tun yana saurayi. Injinta a baya yake, inda sauran motoci ke da wurin zuba kaya. Ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa. Iska take sha. Akwai raga a murfin baya, a ƙarƙashin ragar akwai wata babbar fanka da ke zuƙar iska tana hura wa injin, sai baƙin mai da ke kewayawa yana kwashe sauran zafin. Ɗana ya ce mini, Inna, ki ɗauka mai zazzaɓi ne ake yi wa fifita a ɗakin da ba taga. Muddin mafici na kaɗawa yana numfashi. Aka ajiye mafici, halas, shi ke nan.

A kan tabarmar cin abinci na haddace cututtukan irin motocin nan, don ba shi da wata hira. Ran nan ya ce bel ɗin da ke juya fankar ya tsinke wa wani a hanyar Makka, jar fitila ta kama a gabansa, shi kuwa yana waya, har injin ya dahu. Ran nan ya ce wani ɗan masu kuɗi yana tsakar gudu ya sa ƙaramar giya, injin ya yi kururuwar da ta fi ƙarfinsa, bawul ya sumbaci fistin, komai ya ruguje a ciki. Wata kuwa ba ta yi laifin komai ba, zama kawai ta yi a gidan bakin teku, gishirin iskar Jidda ya cinye dogayen ƙusoshin da ke ɗaure kan injin, ranar da aka tashe ta suka ɓalle. Ɓeraye ma suna shiga su yi sheƙa inda iska ke bi. Amma abin da ya fi tsana a duniya tsumma ne. Ya ce fankar nan ba ta tambaya, duk abin da ta samu kusa da bakinta haɗiyewa take yi, ta tura shi can ƙarƙashin rufi inda ido ba ya gani, ya toshe hanyar iska. Ba ya rufe murfin inji sai ya jera tsummokaransa a kan tebur ya ga ba wanda ya ɓace. Har dariya abokan aikinsa suke yi masa a kan haka.

To, sai uwar matarsa. A unguwar Kurayyat take zaune, don haka Hajiyar Kurayyat nake ce mata, kuma iyakar girman da za ta samu a bakina ke nan. Mace ce da ba ta shiga taro sai warwaronta sun riga ta sallama. 'Yarta, matar ɗana, ba ruwanta, yarinya ce mai kunya, ta haifa mana jikoki, ban taɓa samun ta da laifi ba sai na rashin iya ce wa uwarta a'a.

Autan Hajiya zai yi aure. Ta ga hoton jar motar nan a wayar 'yarta, shi ke nan barci ya ƙaurace wa gidan ɗana. Kullum waya. Ango zai fita a motar haya kamar maraya, alhali mijin yayarsa yana kwana yana tashi da motocin sarauta? Na ce wa ɗana kada ya fara. Ya ce ya ji. Amma wanda ake yi wa kuka a kan matashinsa ba ya jin maganar uwa daga wata unguwa. Ya je ya roƙi dattijon, kansa a sunkuye. Dattijon ya ce, saboda kai ne. Kai kaɗai za ka tuƙa, kuma kada a ɗora mata ko zare a baya.

Ranar ta zo a tsakiyar zafi, irin zafin Jidda mai jiƙa riga tun mutum bai fita ƙofa ba. An shirya bayan la'asar za a yi jerin motoci daga Kurayyat zuwa bakin teku, a ɗauki hotunan ango kafin magariba. Da motar ta tsaya a ƙofar gidan Hajiya, unguwar duka ta fito. Masu ado suka zo da furanni da farin yadi mai shara-shara, za su lulluɓe bayan motar su ɗaure shi kamar gashin amarya. Ɗana ya tsaya a gaban ragar ya ce a gaba kawai.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Mota ce ko jaririya? Mura za ta yi?"

Ya ce mata cikin ladabin suruki, "Khala, ta nan take numfashi."

"Ikon Allah! Yau na ga ƙarfe mai hanci. To a bar masa 'yarsa, kada ta shaƙe a ce mu muka kashe ta."

Mata suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Aka kira la'asar, ɗana ya miƙa wa ango mabuɗi don a bar ƙofa a buɗe ana hotuna, ya nufi masallaci. Ni kuma na shiga ciki na yi tawa sallar. Abin da ya faru a ƙofar gida a wannan tsakanin, sai washegari na ji shi.

Aka tashi. Ɗana a sitiyari, ango a gefensa yana ƙamshin turaren wuta har daga nesa, mu tsofaffi a wata bas a bayansu. Cikin unguwa tafiyar hawainiya aka yi, ana ta matsa oda, samari sun fito rabin jikinsu ta taga. Da aka hau babban titi hanya ta buɗe, sai na ji muryar jar motar ta tashi, ta yi gaba ta bar mu. Daga baya ɗana ya ce ango ne ya dame shi, yalla, yalla, taka ta su gani. Ya ce can ya fara jin wani wari kamar ana ƙona hatsi, ya ɗauka turaren da aka yi wa rigar ango ne. Ya duba jar fitilar bel, ba ta kama ba, don bel ɗin lafiya lau yake, fanka na juyawa. Sai allurar zafin mai ta fara hawa. Ya sassauta, yana neman inda zai raɓe, ga motoci a dama, ga shingen kankare a hagu, ga abokan ango sun taso shi a gaba da oda.

Mun cim musu daidai lokacin. Na ji ƙara kamar an saki tukunyar ƙarfe daga saman bene. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe daga bayan motar, baƙin mai ya malale a kwalta yana tafasa, wani guntun ƙarfe ya yi tsalle ya bugi gefen bas ɗinmu. Matar da ke kusa da ni ta hau salati. Ango ya fito yana kakkaɓe farar rigarsa, ba abin da ya same shi. Ɗana ya fito, ya zaga baya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Bai taɓa komai ba. Ya daɗe a durƙushe a kan kwalta mai zafi, ni kuma ina kallonsa ta gilashi, na san abin da yake gani. Sandar da ke tura fistin ta fasa cikin injin ta leƙo waje.

Aka sa ango a wata mota, biki ya ci gaba. Shi ya tsaya jiran babbar motar da ke ɗaukar matattun motoci.

Washegari wunin mata. Na je ne don kada a ce. Ana tsakar rabon shinkafa sai na ji Hajiya ta ɗaga murya, tana ba wa ƙawayenta labari, warwaro na kaɗawa.

"Ai ni na san idon mutanen unguwar nan. Tun da na ga yadda suka zuba wa yaron nan ido na ce yau sai an yi tsari. Na yagi gefen baƙin mayafina, na ƙulle gishiri da habbatus sauda da alif. Da abokansa suka buɗe bayan suna kallon injin, na ce su kauce, na tura shi can ciki inda ba mai gani. Ga shi nan! Idon da aka jefo wa ɗana, motar ta ɗauka. Da ba don ƙunshin nan ba, da yau zaman makoki muke."

Suka ce, Allahu Akbar, uwa ke nan.

Ban ce babu kambun baka ba. Akwai shi, na ga aikinsa. Ni ma na tofa wa 'ya'yana addu'a, na turara musu ɗaki. Amma na ajiye cokalina, na ɗauki mayafina, ban yi wa kowa sallama ba. Sauri nake ta yi a hanya, don na ɗauka na samo wa ɗana mafita.

Na tarar da shi a ɗakina, hannuwansa baƙi ƙirin, bai ko wanke ba. Na fara magana ya ce, "Na sani, Inna."

Da safe suka sauke injin, dattijon yana zaune a kujera yana kallo. Da aka cire rufin sai ga baƙin ƙyalle a ƙone, ya manne a kan haƙarƙarin injin na gefe ɗaya, ya rufe inda mai ke shan iska. Gefen nan ya yi zafi har bawul ya gutsure ya faɗa kan fistin. Dattijon ƙyalle kawai ya gani. Ɗana ya ga 'ya'yan habbatus sauda a cikin tokar, ya ga zaren adon bakin mayafi, ya sa yatsa ya share. Dattijon ya ce, da bel ne ya tsinke sai in ce ƙaddara. Da ƙusa ce ta ɓalle sai in ce tsufa. Wannan fa, na wane ne?

"Me ka ce masa?"

"Na ce nawa ne. Na manta shi ranar da na canza mai."

Na zauna. Na ce, "Kai? Kai da ake yi wa dariya saboda tsumma? Tashi mu koma yanzu. Da kunnena na ji ta, a gaban mata fiye da cikin ɗaki."

Ya ce, "Inna, iƙamarta ta mutu tun rasuwar mijinta, ba ta sabunta ba. Mutumin nan a fusace yake. In na ambace ta, 'yan sanda zai kira, su ɗauke ta da kayan jikinta. Kakar 'ya'yana ce. Da wane ido zan kalli uwarsu?"

"Taka iƙamar fa? Saura kaɗan ta ƙare."

"Ya san ni. Zai huce."

Bai huce ba. Motar ƙuruciyarsa ce, kuma an ce irin wannan injin ko an samo wani daga ƙasar da aka ƙera ta, ba zai zama nata na haihuwa ba. Bai yi zagi ba, bai kai ƙara ba. Ya karɓi mabuɗan warsha, ya ce ba zai sabunta ba, amma in ɗana ya sami wani kafilin zai sa hannu a mayar da shi can.

Na shirya na tafi Kurayyat ni kaɗai. Na same ta a falo, an kunna sanyi, tana tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo, a faranti.

Ta ce, "Marhaba da Hajja. Yau wace rana?"

Na ce, "Ba zama na zo yi ba. Ki sa mayafinki, ragowar wanda kika yaga, mu je wurin dattijon nan. Tsoho ne, ke ma tsohuwa ce. Ki ce masa tsoron ido ya sa ki, ba ki san inji ba. Ni zan durƙusa tare da ke in roƙe shi kada ya kira kowa."

"Wane mayafi?"

"Wanda kika ba da labarinsa a kan shinkafa."

Ta ci gaba da tsinke ganye. "Hira ce ta mata. Kowa na ƙara gishiri a hira."

"Ke kam kin ƙara, har da alif."

Sai ta ture farantin. "Ke Hajja, ki ji tsoron Allah. Ɗan ƙunshin da bai kai dunƙulen hannu ba shi zai fasa ƙarfe? Tsohuwar mota ce ta ga ajalinta. Ɗanki da bakinsa ya ce tsummansa ne, ko ƙarya yake yi? In ƙarya yake yi, ke kika haifi maƙaryaci. In gaskiya ya faɗa, me ya kawo ki gidana?"

Na ce, "Don ya rufa miki asiri ya yi ta."

"Na roƙe shi? Ni ɗana na tsare, kuma Allah ya tsare mini shi. Kowace uwa ta tsare nata."

"To ni ma nawa na zo tsarewa."

"Ki je ki faɗa ɗin. Ki je! Sai a ce a Hindawiyya da Kurayyat ke ce tsohuwar da ta sa aka jefa kakar jikokinta a motar 'yan sanda. In kin iya zama da wannan, ga ƙofa nan."

Ta san inda ta soka. Na fito, rana na dukan kaina, na tsaya a bakin titi ina tunanin in ce wa mai tasi Khumra ko in ce Hindawiyya. Kafin in yanke sai waya ta yi ƙara, ɗana ne, matarsa ta gaya masa inda nake. Ya ce, "Inna, ban taɓa haɗa ki da Allah a kan komai ba. Yau na haɗa ki." Na ce wa mai tasi Hindawiyya. Na yi fushi da shi fushin da ban taɓa yi da abin da na haifa ba, na daina amsa gaisuwarsa na wani lokaci, yana zuwa yana durƙusawa a ƙofa yana tashi.

Ya bi warsha-warsha. Masu tsofaffin motoci a Jidda ba su da yawa, kuma duk sun san juna, a shayi ɗaya labari ke gama su. Duk inda ya shiga sai a ce, au, kai ne na tsumma? Wuraren gyaran motocin zamani kuwa na'ura suke so mutum ya iya karantawa, shi kunne da hannu ya iya. Wani ya yi masa alkawari ya janye. Wani ya ce ya dawo bayan hajji, iƙamar kuwa ba ta jira hajji ba.

Haka aka buga masa hatimin fita ba dawowa, shi da matarsa da 'ya'yansa, don takardunsu a jikin tasa suke rataye. Ni tawa a hannun mijin ƙaramar 'yata take, sai na zama wadda aka bari. A filin jirgi Hajiya ta fi kowa kuka, tana faɗa wa duk mai saurare cewa mijin 'yarta ya kasa riƙe aiki ya ja mata 'ya zuwa daji. Na tsaya nesa da ita, na riƙe bakina da gefen mayafi.

Yanzu yana Damagaram, a gidan dangin da sai a waya ya taɓa jin muryarsu. Janareto yake gyarawa da babura a wata rumfa. Suna yi wa Hausarsa dariya, wai Larabci ya cinye mata gefe. Yaran sun shiga makarantar da ake karatu da Faransanci, babbar ta koma ajin ƙannenta.

Mata sun yi ta zarya a kaina, wai a yi sulhu, wai musulmi ba ya ƙaurace wa musulmi. Na ce na ji. In mun haɗu ina yi mata sallama, don ta Allah ce ba tata ba. Bayan sallama ba ta da komai a wurina.

Kwanan baya aka yi rasuwa a unguwarmu, muka haɗu a zaman gaisuwa, aka zaunar da mu tabarma ɗaya don wuri ya cika. Sai wayata ta yi ƙara, irin kiran da ake ganin fuska. Ƙaramar jikata ce, ta saci wayar uwarta. Ta yi baƙi, ta rame, haƙorinta na gaba ya faɗi ban gani ba. Da Larabci ta yi maganar, don har yau shi ne a bakinta, ko kaka ma Sitti take cewa. Ta ce, "Sitti, mun daɗe a nan. Yaushe za mu koma gida?"

Kowa a ɗakin ya ji. Na juya wayar, na miƙa ta har gaban fuskar Hajiyar Kurayyat.

Na ce, "Ga jikarki tana tambaya. Ki ba ta amsa."

Ba ta karɓa ba. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi, ni kuma ban sauke hannuna ba, yarinyar tana ta kira, Sitti, Sitti, har layin ya yanke.